Sunan Da Aka Tsallake

Kwana tara da tashin bam a zauren wasanni, matar mai gyaran wuta ta wayi gari ta tarar an sake watsa baƙin fenti a ƙofar ɗakinta. Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta durƙusa tana gogewa da soso, 'yarta mai shekara shida tana riƙe mata sabulu. Maƙwabta suna wucewa ta bayanta suna ɗauke kai, har da matar da ta yi jinyarta lokacin haihuwar yarinyar. Babu wanda ya ce mata sannu, balle ya yi mata gaisuwar miji.

Mutum talatin da ɗaya suka mutu a ranar, yawancinsu matasa ne da iyaye mata da suka rako yara kallon mawaƙa da yamma. Mijinta na cikinsu. Shekara goma sha ɗaya yana haɗa fitilu da wayoyi a zauren, a ƙarƙashin wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ne manajan wurin. Kwana biyu gari ya yi kuka tare da ita. A rana ta uku manaja ya miƙa wa 'yan jarida wani guntun bidiyo daga kyamarar tsaro, bai kai daƙiƙa goma ba: ga mai gyaran wuta a guje, rungume da baƙar jaka mai nauyi, yana kutsawa cikin zaure. Manaja ya share hawaye a gaban jama'a, ya ce jini ba zai hana shi faɗin gaskiya ba, ya daɗe yana ganin canji a ƙaninsa. Shi ke nan fa! Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya, mutanen da ba su taɓa ganin mutumin ba suka fara rantsuwa cewa tun da can idonsa bai yi kama da na mutumin kirki ba.

Daga nan wahala ta riƙa zuwa mata a jere. 'Yan sanda suka birkice ɗakin, suka tsare ta kwana biyu suna yi mata tambaya ɗaya ta fuska goma. Ita mai ɗinki ce, sai masu kaya suka riƙa aiko a karɓe musu yadinsu, wani ma an riga an yanka. Shugabar makaranta ta ce a ɗan ajiye yarinya a gida har ƙura ta lafa. Mai gidan haya ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta tashi. Surukarta kuwa ta aiko cewa kada ta ƙara taka mata gida, ita ce ta juya mata ɗa... Duk ta haɗiye. Wanda ya ƙi haɗiyuwa ɗaya ne. A jikin katangar zauren jama'a sun jera furanni da kyandirori da hotunan mamata, kuma kowace safiya gidan rediyo yana karanta sunayensu. Sunaye talatin. Kullum sai ta zauna gaban rediyo tana bi da yatsa, kullum sai a tsallake shi, yarinya kuma ta tambaye ta ko Baba bai mutu ba ne, tunda ba a kira shi ba.

Ta shirya ta je ofishin manaja. Ya bar ta a tsaye fiye da awa ɗaya kafin ya ɗago kai daga takardunsa.

"Yaya, ka fi kowa sanin jakar nan," ta ce. "Ta kayan aikinsa ce. Ba na neman komai a wurinka, sunansa kawai nake so a sa cikin mamata. Don Allah, don marainiyar nan..."

Ya ce shi ma zuciyarsa a karye take, amma ta yi wa kanta faɗa. Da ta tuna masa cewa marigayi ya sha dawowa gida ransa a ɓace saboda sarƙar da ake ɗaure wa ƙofar gefe don hana masu shiga ba tikiti, sai fuskarsa ta sauya. Ya miƙe ya buɗe mata ƙofa, ya ce idan ya sake jin maganar sarƙa a bakinta, da kansa zai faɗa wa hukuma cewa ita ta ɗinka jakar.

Daga can ta wuce katanga da hoton mijinta a cikin mayafi. Ba ta gama manna shi ba wani ya gane ta. Aka yage hoton, aka tattake, wata uwa da ta rasa 'ya'ya biyu ta tofa mata yawu a fuska. Ba ta rama ba, don ta san zafin da ke cin matar. Ta tsince guntayen ta koma gida, ta yi sujada ta daɗe ba ta ɗago ba. Abin da take maimaitawa kawai shi ne, Ya Allah, Kai Ka gani.

A mako na huɗu wata malamar makaranta da ta raka ɗalibanta wasan ta farfaɗo a asibiti. Tana kwance, an naɗe mata hannu biyu, ta ga hoton mutumin a talabijin ɗin ɗakin marasa lafiya, an rubuta maci amana a ƙasansa. Ta yi ta kuka har sai da aka kira mata jami'in bincike. Ta ce bam ya tashi ne a babbar ƙofa, jama'a suka ruga ƙofar gefe suka tarar da sarƙa da kwaɗo, ana danne yara a jikin ƙarfe, hayaƙi ya rufe ko'ina. Mutumin nan ne ya ratso su da jaka, ya zaro almakashin yankan ƙarfe ya datse sarƙar. Ya riƙe ƙofa da bayansa yana cewa a bi a hankali, kada a taka ƙanana. Da ta waiwaya, ya koma ciki don ya kashe babban layin wuta.

Sai a lokacin aka nemi cikakken bidiyon, aka ga ashe bayan fashewar ne ya yi gudun, an yanke agogon da ke nuna lokaci a kusurwar hoton ne kawai. Aka sami sarƙar a but ɗin motar manaja, datsattsiya, a cikin buhu. Takardu uku kuma da marigayi ya rubuta yana roƙon a cire ta suna nan a ƙasan durowar manaja. Ya laƙa wa gawar ƙaninsa laifi ne don kada ido ya kai ga ƙofar da aka mutu a gindinta. Aka fito da shi da ankwa ta gaban katangar furanni, babu hawaye a wannan karon. Surukar ta zo da kanta, ta zube a bakin ƙofa tana neman gafara, mai ɗinki ta kama ta ta ɗaga, ta ce Inna ki tashi, ɗanki ne kafin ya zama mijina. Jama'a kuma, kamar yadda suka saba, suka juya a rana ɗaya, kowa yana cewa shi dama bai taɓa yarda ba.

Bayan wata biyu aka yi taron tunawa a filin gaban zauren. Aka tsara cewa duk sunan da aka kira, danginsa su miƙe tsaye. Aka kira talatin, sannan mai karatu ya kira na talatin da ɗaya. Mai ɗinki ta yunƙura za ta miƙe... Sai ta ji ƙarar kujeru a bayanta. Malamar ce ta fara miƙewa, ɗalibanta suka bi, sannan wasu, har mutum tamanin da wani abu, duk waɗanda suka fita ta ƙofar nan, wasu da sanda, wasu da bandeji.

Yarinya ta hau kan kujera tana waige-waige, ta ja mayafin uwarta.

"Umma, duk waɗannan danginmu ne?"

Uwar ta fashe da kuka. Malamar ce ta sunkuyo ta amsa.

"Duk danginku ne, 'yata. Babanki ne ya haɗa mu."