Maƙerin da Bai Taɓa Ganin Giwa Ba

Can a zamanin da, a wata ƙasa ta Girkawa, an yi wani maƙeri mai sassaƙa hatimin buga kuɗin azurfa. Ran nan sarki ya ci yaƙi da taimakon giwayensa, sai ya ce a sa siffar giwa a sabon kuɗi. In ba ta yi kama ba, a ba wani maƙerin aikin.

Shi kuwa bai taɓa ganin giwa ba. Ko kukanta ya jiyo daga sansani, sai tsoro ya kama shi. Don haka ya zauna a gida, ya zana da ka.

Matarsa ta leƙa, ta ce, "Maigida, wannan ai sa ne da maciji a hanci."

Ya goge, ya sake zanawa. Ta sake leƙawa, ta ce, "Yau kuma tulu ne da kunnen jaki. Ka je ka gano ta mana!"

Ya saɓi allonsa ya tafi sansani.

Mai kiwon giwaye ya ce, "Matso, ɗan'uwa. Wadda ta tarwatsa runduna, ina ruwanta da kai?"

Ya matsa kaɗan. Ya ƙara matsawa. Giwa ta miƙo hanci, ta shinshina gemunsa, ta zare gurasar da ke aljihunsa. Maƙeri ya fashe da dariya, ya zauna ya wuni yana zane.

Da aka buga kuɗin farko, sarki ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan giwata ce sak! To, mene ne wannan a hancinta?"

"Abincin ranata ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Bar mata. Je ka ci gaba da bugawa."