Salansar da Dogo Ya Tsinto

Ranar da Dogo ya ɗaura wa babur ɗinsa sabuwar salansa, bututun fitar da hayaƙi, rana ta riga ta yi ja a kan katanga, kaji sun fara neman makwanci. Sabuwa dai a wurinsa. A filin 'yan gwangwan ya tsinto ta, ƙarƙashin tarin ƙarafan da ciyawa ta tsiro a kansu, mai faɗin baki, tsatsa ta ci gefe ɗaya. Mai walda ya liƙe inda ta huje, ya lanƙwasa wuyanta har ta zauna daidai.

Ba don ƙawa ya yi ba. Aikin Dogo kai magani ne daga babban shagon magani na gari zuwa ƙananan asibitocin bayan duwatsu, a kan ƙaramin babur mai dogayen ƙafafu, irin wanda ke bin kwalta ya kuma bi jeji. Babur ɗin ya tsufa. In ya iso hawa da akwatin sanyi a bayansa, sai ya riƙa nishi kamar jakin da aka yi wa lodi, sau biyu ƙanƙarar akwatin na narkewa kafin ya isa. Mai shagon ya ce in aka yi na uku, ya nemi wani aikin. Sabon babur kuwa ya fi ƙarfinsa. Bakanike ne ya ba shi dabarar talaka: a sauya matatar iska, a ɗan buɗa wa kafireto hanyar mai, a sa babban faranti a sarƙar baya saboda hawa, sannan a samo salansar da ba ta shaƙe inji. Duk an yi, salansar ce ta rage.

Ya taka kiki a tsakar gida. Babur ya yi wani ruri da bai taɓa yi ba, har kwanukan wanke-wanke suka amsa. Auta, 'yarsa ɗaya tilo mai shekara goma sha uku, ta toshe kunne tana dariya, ta ce tsoho ya samu maganin tari. Uwarta ba ta yi dariya ba. A cikin rurin ta ji kukan jariri, siriri, ya tashi sau ɗaya ya yanke.

Dogo ya kashe inji. Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafar Auta. Da ta taɓa shi ta yar, ta ce da zafi.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Duwatsun ƙanana ne, baƙaƙe, suna warin ƙonannen mai. Maƙwabta suka zagaya bayan gida ba su ga kowa ba. Dogo ya ce shaƙiyancin unguwa ne, domin ba ya son ya yarda da wani abin, don kuwa babur ya gyaru. Hawan da yake yi da giya ɗaya yana taimaka masa da ƙafa, yanzu da giya biyu yake haye shi, ya sauke magani da sanyinsa. A rana ta uku matarsa ta ji muryar tsohuwa a lungun da ake jingine babur, tana rarrashi a hankali, kamar mai jijjiga yaro marar lafiya. Ya ce mata ƙarfe ne ke hucewa.

A rana ta biyar Auta ta faɗi a bakin famfo.

Jikinta ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, numfashinta na warin hayaƙi. Da rana takan kwanta ido buɗe, ba ta ci, ba ta magana. Rana na faɗuwa sai maƙogwaronta ya fara gurnani, ƙasa-ƙasa, kamar injin da aka bari a kunne. Tun Dogo na kan kwanar layi take jin ƙarar babur, ta ƙanƙame ƙafarta ta hagu tana birgima. An kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Mutumin da ke kai wa ƙauyuka bakwai magani ya tsaya a kan 'yarsa hannu rabbana.

Matarsa ta riƙe masa riga, ta ce ya mayar da ƙarfen nan inda ya ɗauko shi, ko ita ta ɗauki 'yarta ta bar masa gidan. Ya tafi filin 'yan gwangwan ya tarar da shi fayau. An loda komai a manyan motoci an kai narkarwa, har an fara haƙa harsashin gini. Ya juyo gida.

Yammacin nan matarsa ta zo da Malam, wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya koyar da mahaifinta karatu. Bai tambayi komai ba sai da ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa bakin salansar, ya girgiza kai. Ya sa aka fito da Auta kan tabarma, ya zauna daga wajen kanta, ya fara karatu da murya marar sauri. Hasken rana na janyewa daga katanga, duwatsu suka fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓa shi. Ya ci gaba. Can Auta ta tashi zaune, bayanta ya ranƙwafa kamar na tsohuwa, ta dubi ubanta da idon da ba nata ba.

"Shekara goma sha tara ina cikin ƙarfen nan," in ji muryar, a dishe. "Ban taɓa kowa ba. A ciki na haihu bayan na fid da rai. Kai ka zo ka hura mana wuta."

Dogo ya zube a kan gwiwa. Ya ce bai sani ba, wallahi bai sani ba. Muryar ta ce ƙafar ɗanta ta ƙone har ƙashi, kuma ƙafa take so a madadin ƙafa. Nan take Dogo ya miƙa tasa, ya ce ta ɗauka, ta ɗauki duka biyun, ta sakar masa yarinya. Malam ya buge masa hannu.

"Ba a biyan zalunci da jini a gabana," ya ce, sannan ya juya ga Auta. "Baiwar Allah, shi ya cuce ki bisa kuskure, ke kina cutar marar laifi da gangan. Wa kike ganin zai fi nauyin kaya ranar hisabi?"

Da muryar ta sake magana, kuka take. Ta ce to a mayar da ita gidanta. Dogo ya gaya mata gaskiya, filin babu shi. Kukan da ta yi sai da uwar Auta ta toshe baki, don ta san irinsa, kukan uwa ne da ba ta da inda za ta kwantar da ɗanta.

Malam ya tambayi Dogo ina tsohuwar salansarsa. Tana ƙarƙashin gado. Aka ɗauko. Malam ya ce ga gida mai sanyi, za a kai shi gindin duwatsu inda mutum ba ya bi, a tura shi cikin kogo. Muryar ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya: salansar da ta ƙone ɗanta ba za a sake hura mata wuta ba har abada, a binne ta.

Dogo ya san abin da hakan ke nufi. Babur babu salansa ko ɗaya, gobe kuma akwai kai magani. Bai ɗaga kai ba, ya ɗauko sifana ya fara kwance ƙusoshin, ƙarfen da sauran zafin tafiyar yamma yana cin tafin hannunsa. Da ƙusa ta ƙarshe ta fita, Malam ya karɓi rantsuwar mai muryar sau uku, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar Auta ta hagu ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta kife a cinyar uwarta, gumi ya karyo mata, mai sanyi.

Washegari Dogo ya cika alkawuran duka biyu, a ƙafa, kafin rana ta yi zafi. Mai shago bai saurari bayani ba, ya karɓe akwatin sanyinsa ya ba wani.

Kwana uku bayan haka Dogo ya fito da babur yana turawa zuwa garejin bakanike, hannuwansa naɗe da tsumma, maƙwabta na tsokanarsa wai yau doki ne ya hau mai shi. Bai san inda zai samo aiki ba. Ya kusa kwanar layi ya ji an ce "Baba" daga bayansa, da ƙaramar muryar da ba ta gama warkewa ba. Auta ce a ƙofar gida, dafe da bango, tsaye a kan ƙafafunta biyu, tana tambaya ko zai daɗe.

Ya jingine babur ɗin a jikin katangar mutane, ya juyo gida.