Kwandon Shara da Hadari

A wani gari, a wani zamani, wata yarinya ta ɗauki kwandon shara, kakarta ta aike ta zubarwa. Ta tarar juji ya cika har ya tare hanya, ga hadari ya haɗo.

Ta nufi bayan maƙera. "Ba nan ba, 'yata!" in ji maƙeri. Ta ruga gindin tsamiya. "Ba nan ba, 'yata!" in ji mai ƙosai. Ta yi gabas, ta yi yamma, wuyanta ya ƙage, iska sai ƙaruwa take.

Can ta iso bakin kwata, babu kowa. Ta sauke kwandon za ta juye, sai ta hango ɗakin wata tsohuwa a gangare, daidai inda ruwa zai malala idan kwatar ta toshe. Ta fasa.

Ta tsuguna ta leƙa cikin kwandon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe yawanci ɓawon rogo ne da toka da gwangwanaye. Ta kwasa da gudu sai gida. Ɓawon ta ba akuya, tokar ta watsa a lambu, gwangwanayen ta wanke don shuka barkono.

"Ke 'yar nan, ina sharar?" in ji kaka.

"Ga abin da ya rage, Kaka." Ta nuna mata ledoji cikin tafin hannu.

Kaka ta kalli ledojin, sannan ta ce, "Waɗannan ni na shigo da su. Gobe da ƙwarya zan je kasuwa."