Robar Keke da Ƙafar Langa

A lakwal ɗin Dogarawa, wato makarantar boko, akwai wani yaro gwanin langa. In ya kama ƙafar hagu ta baya, ya hau tsalle da ta dama, ba mai tarar shi. Don haka Mushe Hamani, malamin ajinsu, ya sa shi cikin masu karawa da 'yan Tsarnawa ran Asabar.

Ran Alhamis da hantsi, ana gwaji, wani ƙato ya faɗo masa a ƙwaurin dama. Ƙashi bai karye ba. Amma ƙafar ta kumbura, ta yi tauri kamar taɓarya.

Mushe ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau. Ya san in ya faɗi gaskiya, wani za a sa a gurbinsa.

Da ya koma gida, ya yi shawara da kansa, wanda bai fi shi hankali ba. Ya kwance robar da babansa ke ɗaure buhu da ita a bayan keke, ya naɗe ƙafar tam. A ganinsa, abin da ya riƙe buhun gero ba zai kasa riƙe kumburi ba. Ya saki wando a kai.

Ciwo ya ƙaru. Ko yatsa ya motsa, sai hawaye. Inna ta kawo fura, ya ce ya ƙoshi.

Da la'asar ya kasa sunkuyawa ya yi alwala. Babansa ya ɗauki buta yana zuba masa.

"Baba, zuba mani ga ƙafa."

"Na zuba, yaro. Rabin buta na zuba."

Ashe ƙafar ba ta jin ruwan. Baban ya ɗage wandon. Yatsun sun yi sanyi kamar gindin randa. Bai yi faɗa ba. Ya warware robar, ya saɓa ɗansa sai tasha.

A asibiti likita ta taɓa ƙafar, ta ɓata fuska.

"Naman ƙwauri cikin jaka yake, jakar da ba ta buɗewa," in ji ta. "In ya kumbura, jini ya rasa hanya. Kai kuwa ka taimake shi da roba."

Ta gaya wa baban, da an kai safe, sai dai a yanke ƙafar. A take aka tsaga ƙwaurin ta gefe biyu, naman ya sami sarari.

Asabar ta zo, aka yi langa ba shi. Rana ta fito, ta kuma faɗi, kamar kullum.

Ya daɗe bisa gado, ya daɗe da sanda. Sai bayan girbi ya sake kama ƙafar hagu ta baya. Ta dama ta ɗauke shi, da dogon tabonta. Inna ta juya baya tana share ido.

Mushe Hamani ya sa ya nuna wa aji tabon.

"Wasa in ya wuce, wani na zuwa," yaron ya ce. "Ƙafa ba ta da gurbi. In ciwo ya yi tsanani, kada ku ɓoye, kada ku ɗaure. Ku faɗa wa manya."

Roba kuwa ta koma bayan keke, inda ta san aikinta.