Ranar da Burodi Ya Yi wa Baba Yawa

Auta ta shigo gida da gudu, jakar makaranta na lilo a bayanta.

"Baba! Baba! Yau an koya mana yadda kwamfuta ke tara lissafi da kanta!"

Baba mai gidan burodi ne. Kullum da yamma masu shaguna kan faɗa masa yawan burodin da suke so gobe. Sai ya shigar a kwamfuta, ya tara, ya san nawa zai gasa.

"To, malama, bismillah," in ji Baba yana dariya.

Auta ta ɗare kujera. Ta ja linzamin kwamfuta fuu, daga saman layi har ƙasa, ta danna. Amsa ta fito: ɗari shida!

"Kai! Lallai kasuwa ta buɗe!" in ji Baba. "Kin dai duba da kyau ko?"

"Haba Baba, ai kwamfuta ba ta kuskure!"

Ko kallo na biyu ba ta yi ba. Ta fice wasa abinta.

Washegari Baba ya juye fulawarsa kaf, ya yi ta gashi. Yayan Auta ya kai wa kowane shago nasa a keke. Amma ga burodi nan tsibi a kan tebur, har kan kujeru!

Baba ya dafe kai. "Wannan in ya kwana biyu, ya lalace."

Kunya ta kama Auta sosai. Sai ta tuna dabarar da malaminsu ya nuna musu: in kana shakkar lissafi, gwada shi da ƙananan lambobi.

Ta koma kan kwamfuta, ta sa ɗaya a gaban sunan kowane shago. Shaguna goma ne, amma kwamfuta ta ce ashirin!

"Baba, na gano!" Ta daka tsalle. "Dubi nan! Ka riga ka tara na shagunan kasuwa a wannan akwati, na unguwa kuma a wancan. Ni kuwa na ja linzami na haɗa har da su. An ƙirga kowane burodi sau biyu. Ka yi haƙuri, Baba."

Ta cire akwatunan biyu daga lissafin. Amsa ta koma goma cif.

"Madalla," in ji Baba. "To, sauran burodin fa, malama?"

Auta ta sunkuci faranti, Yaya ya cika keke. Suka bi layi suna kira: "Burodi mai laushi! Na yau ne!" Kafin la'asar ƙafafunta sun yi tsami, muryarta ta dishe, amma tebur ya zama wayam.

Mama ta miƙa mata shayi. "Me kika koya yau?"

Da kyar murya ta fito. "Kwamfuta abin da ka ba ta take tarawa. In amsa ta fito, a gwada ta kafin a yi murna."

Baba ya ja mata kujera. "To zo ki tara mana na gobe."