Shago Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Da gwangwanin jan fenti a hannu Zakariyya'u ya fara ganin Sumayya. Ma'aikaci ne a kamfanin da zai rushe tsohon dandalin shagunan unguwarsu a Makera ya gina sabo. Ita kuwa tana tsaye a ƙofar shagon ɗinkin babanta, Malam Isiyaku.

"Malam, har da ƙofarmu za ka shafa?"

Ya shafa ɗin, alamar rusau ce.

Wata takwas ana gini, su ma soyayyarsu tana ginuwa. Dandali ya fito fes: bene biyu, fitilun sola, lilon yara, ga ruwa na tsiri a tsakiya. Sai dai Malam Isiyaku ya kafe, wanda ya shafa masa ja a ƙofa ba zai zama surukinsa ba.

Bawan Allah Zakariyya'u ya ɗauka da shago ake sayen zuciyar tsoho. Ya yi ta roƙon ogansa har aka ba Malam Isiyaku shago lamba ɗaya, bakin get, wanda kowa ke rububi. Ya kai takardar da kansa, har da murmushi. Tsohon ya karanta, ya miƙa masa abarsa.

"Kada ka sake tako mini gida."

Abin ya yi masa ciwo, ya rasa laifinsa. Bayan La'asar saƙon Sumayya ya shigo:

"Nawan, ba shago Baba yake wa kuka ba. Shekara talatin bango ɗaya ne tsakaninsa da Baba Wilfred mai gyaran agogo. Lokacin rikici shi ya tsaya a ƙofarmu ya hana a ƙona. Shi an jefa shi lamba arba'in, can baya. Raba su ka yi. Ina sonka, amma ba zan saɓa wa Baba ba."

Kunya ta rufe shi. Washegari ya nemi a musanya lamba ɗaya da arba'in da ɗaya, lungun da ba mai so. Oga ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ranar buɗe dandali ya raka Malam Isiyaku har can baya. Suka tarar Baba Wilfred yana jera agogunansa.

"Isiyaku! Ashe ban rabu da ƙarar kekenka ba?"

Malam Isiyaku ya dafa bangon da ke tsakaninsu, idonsa ya ciko. Can ya zaro tef daga aljihu, ya dubi Zakariyya'u.

"Matso in gwada ka. Angon Sumayya ba zai sa ɗinkin wani ba."

Da babbar rigar da ya ɗinka masa aka ɗaura auren. Baba Wilfred ya ɗaura wa ango agogo da hannunsa, ya ce, "Ka riƙe mana 'yarmu amana. Allah ya ba ku zaman lafiya irin wanda ya ba mu."

Malam Isiyaku ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.