Bokan da Ba Shi da Adireshi

Na san wani mai gyaran waya tun shagonsa bai fi akurkin kaji ba. Ba rago ba ne, zuciyarsa ce ba ta san ƙoshi ba. Yana son dukiyar tsafi, yana kuma tsoron a gan shi a ƙofar boka.

Wani mai kawo masa gyara ne ya nuna masa manhajar da ke ɓatar da sawun mutum, da hanyar shiga ɓoyayyen ɓangaren intanet. Ran nan da rana tsaka ya ja ƙofar shago, ya liƙe kyamarar kwamfutarsa, ya shiga.

Wani ɗaki ya bayyana a allon, bangonsa lulluɓe da jan ƙyalle. Matattun wayoyi na reto a jikin zare, jini na ɗiga daga cikinsu zuwa wata ƙwarya. Bokan ya ba shi baya.

"Ka ɓoye suna, ka ɓoye fuska," in ji boka. "Me kake so?"

"Dukiya. Nawa zan biya?"

"Ba ma karɓar kuɗi. Ka kai kwamfutar gida, ka bar ta a buɗe har faɗuwar rana. Muryar da muka ji, tamu ce."

"In ba ku ji kowa ba fa?"

"To, ka ci banza."

Ya yi murmushi, a ganinsa ya yi wa boka wayo. Washegari ya tura matarsa da 'yarsa unguwa, ya zauna shiru. Ya manta da mahaifiyarsa da ke kwance a ɗakin baya. Ta yi tari. Can sai ga matar ta dawo ɗaukar jakarta, tana sallama, yarinyar na kiran "Baba! Baba!"

Dukiya ta zo kamar ambaliya: shaguna, motoci, gidan bene.

Tsohuwa ce ta fara. Muryarta ta ɗauke, tana nuna maƙogwaro tana hawaye, har ta cika. Yarinyar ta bi ta, likitoci sun rasa gane ciwon. Ranar da aka binne ta, matar ta durƙusa gaban kwamfutar, ta kara kunne.

"Maigida, ga ta can ciki tana kiranka. Ka buɗe mata mana!"

Daga ranar ba ta sake gane kowa ba.

Ya koma neman boka. Shafin ya ɓace. Ba suna, ba lamba, ba garin da zai dosa ya faɗi ya yi roƙo. Ya sayar da komai yana biyan masana su gano masa wurin, kowa ya ce wannan hanyar ba ta barin sawu.

Yanzu yana zaune a bakin tsohon shagonsa, yana danna allon da ya daɗe da mutuwa, yana cewa, "Ku ɗauki tawa muryar."

Kai mai kwaɗayi, ka iya ɓoye fuskarka ga mutane. Amma abin da ka kira ya san hanyar gidanka, kai ne ba ka san tasa ba.